Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ɗaliban Manyan Makarantu: Cututtukan da Suka Fi Yawa, Alamominsu da Hanyoyin Rigakafin Kashe Kai

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun nuna cewa fiye da mutum 720,000 ne ke kashe kansu duk shekara a faɗin duniya. A shekarar 2021, kashe kai shi ne na uku a jerin abubuwan da suka fi janyo mutuwar matasa 'yan shekara 15 zuwa 29, kuma kashi 73 cikin 100 na waɗannan mace-macen sun auku ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. Cikin waɗannan shekarun ne matashin Najeriya yake rubuta jarrabawar JAMB, ya shiga jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi, ya kammala, ya tafi hidimar ƙasa.

A nan Najeriya ƙididdigar ba ta cika fitowa daidai ba, domin ba a yi wa yawancin mace-mace rajista, iyalai kuma kan ɓoye musabbabin mutuwar saboda kunya da tsoron abin da jama'a za su ce. Musulunci da Kiristanci duk sun haramta kashe kai, doka ma ta ɗauki yunƙurin yin hakan a matsayin laifi. Saboda haka abin da ke fitowa a jaridu wani ɗan yanki ne kawai na abin da ke faruwa a ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen haya na bayan makaranta.

Me ya sa shekarun karatu suka fi haɗari?

Wani babban bincike da Farfesa Ronald Kessler na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2005 ya gano cewa rabin cututtukan ƙwaƙwalwa da mutum kan yi fama da su a rayuwarsa suna somawa ne kafin ya wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin ya wuce 24. Ma'anar wannan ita ce ɗalibai da yawa sukan shigo makaranta ɗauke da ciwon da ba a gano ba tun suna gida, wasu kuma ciwon kan bayyana a karon farko suna aji ɗaya ko aji biyu, daidai lokacin da suka yi nesa da iyayen da suka san halinsu.

A 2018 an wallafa sakamakon wani bincike na shirin WHO kan lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai, wanda ya ƙunshi kusan ɗalibai 14,000 'yan shekarar farko a manyan makarantu 19 na ƙasashe takwas, ciki har da Afirka ta Kudu. Kashi 35 cikin 100 na ɗaliban sun nuna alamun aƙalla ciwo guda na ƙwaƙwalwa a wani lokaci na rayuwarsu, kashi 31 kuma cikin watanni 12 da suka gabaci binciken. Tsananin damuwa da fargaba su ne suka fi yawa.

Akwai masu ganin cewa wannan ciwo ne na 'ya'yan zamani, ko kuma na Turawa. Tarihin likitanci a Najeriya bai goyi bayan wannan zato ba. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta bayani kan wani ciwo da ya riƙa gani a tsakanin ɗaliban Najeriya, wanda su da kansu suke kira "brain fag", wato gajiyar ƙwaƙwalwa. Ɗalibi kan zo yana kukan zafi ko nauyi a kai da wuya, idanu na yi masa dishi-dishi in ya buɗe littafi, yana karantawa amma ba ya fahimta, abin da ya fahimta kuma ba ya zama. Masu binciken da suka biyo baya sun danganta ciwon da rashin barci da shan abubuwan hana barci lokacin jarrabawa, kuma likitoci da yawa a yau na kallonsa a matsayin fargaba ko damuwa da ta bayyana ta hanyar jiki. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin karatu na dare a makon jarrabawa zai gane wannan siffa, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Ciwon tsananin damuwa

Kalmar "damuwa" a Hausa tana da faɗi, kuma faɗin nata yana rage wa ciwon nauyi a idon mutane. Wanda ya faɗi jarrabawa yana cikin damuwa, wanda aka sace wa waya ma haka. Wannan irin damuwar takan wuce da kanta. Abin da likitoci ke kira ciwon tsananin damuwa daban ne: mutum ya wayi gari cikin ƙunci, ko ya daina jin daɗin abubuwan da a da yake so, kusan duk yini, kusan kullum, har tsawon aƙalla mako biyu, kuma hakan ya hana shi gudanar da al'amuransa.

Tare da wannan akan ga sauyin barci, ko dai ya ƙaurace ko ya yi yawa, da sauyin cin abinci, da kasala mai nauyi, da kasa tattara hankali wuri guda. Mai ciwon kan ɗora wa kansa laifin da bai kai ya kawo ba, ya riƙa ganin kansa a matsayin kaya a wuyan iyayensa, ya yanke ƙauna daga gobe. A wajen ɗalibi, alamar farko da ake iya gani daga waje ita ce daina zuwa lacca, da kwanciya a ɗaki har azahar, da ƙin ɗaga waya idan an kira daga gida.

Ba kasafai ɗalibi ke zuwa asibitin makaranta ya ce yana cikin ƙunci ba. Abin da yakan ce shi ne kansa na ciwo, jikinsa ba ƙarfi, ƙirjinsa na bugawa. Sai a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, in ya dawo a ce taifot ne, a haka zangon karatu ya ƙare. Ma'aikacin lafiyar da ya ga ɗalibi ya dawo sau uku da kuka iri ɗaya, gwaji kuma bai nuna komai ba, ya kamata ya tambaye shi yadda yake barci da yadda yake ji a ransa.

Ciwon yana warkewa. Ana magance shi ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararren masanin halayyar ɗan'adam, ko ta hanyar magani, ko duka biyun a haɗe. Magungunan sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma akan so a ci gaba da sha na tsawon aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, don kada ciwon ya dawo. Ba a yanke su farat ɗaya sai da shawarar likita. Ga matasan da ba su kai shekara 25 ba, likitoci kan buƙaci a sa musu ido sosai a makonnin farko na fara shan maganin, saboda a wannan tsakanin tunanin kashe kai na iya ƙaruwa ga wasu daga cikinsu.

Fargaba, gushewar hankali da ƙwaya

Ciwon fargaba kan zo da tashin hankali marar yankewa kan abin da bai faru ba, ko kuma da firgici na ɗan lokaci mai tsanani, inda numfashi ke sarƙewa, gumi ya keto, mutum ya ji kamar mutuwa zai yi. Sau da yawa yakan haɗu da ciwon damuwa a jikin mutum guda.

Wanda ya fi firgita abokan zama shi ne ciwon da ke raba mutum da zahiri. Ɗalibin da aka sani da natsuwa sai ya fara jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi, ko ya haƙiƙance cewa ana bibiyarsa, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana zuba zance da kashe kuɗi ba lissafi. Irin waɗannan cututtukan sun fi somawa daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa cikin shekaru ashirin da wani abu, kuma sukan riga bayyana ga maza. A gidaje da yawa fassarar farko ita ce iska ko sammu, sai a ɗauke yaro daga makaranta a kai shi wajen ruƙiyya ko gidan addu'a, a shafe watanni. Addu'a da asibiti ba sa hana juna, amma bincike ya tabbatar da cewa gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon wahalar komawa daidai. A 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina da Ibadan, da yawansu matasa ne da iyayensu suka kai da sunan gyaran tarbiyya ko neman magani.

Shaye-shaye kuwa yana shiga ta fuska biyu: yana jawo ciwo, kuma mai ciwo kan fake da shi don samun sauƙi. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi da Laifuka ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Miliyan 10.6 tabar wiwi suke sha, miliyan 4.6 kuma ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramadol. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin. Tabar wiwi, musamman mai ƙarfi, tana ƙara haɗarin gushewar hankali ga matasa, giya da ƙwaya kuma suna rage wa mutum ikon dakatar da kansa a lokacin da ransa ya ɓaci.

Nauyin da ke kan ɗalibin Najeriya

Masana na jan kunne cewa kada a jingina kashe kai ga dalili guda, domin yawanci abubuwa da dama ne ke taruwa a kan wanda dama yake da rauni. Amma akwai nauyin da ɗalibin Najeriya ya san shi da kyau. Kusan matasa miliyan biyu ne ke rubuta jarrabawar JAMB a shekara, kuma wanda ya samu gurbi sau da yawa shi ne na farko a gidansu, dangi duka sun zuba masa ido. Irin wannan ɗalibin idan ya faɗi kwas, ko aka ce ya bar sashensa saboda ƙarancin maki, abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda zai fuskanci mahaifin da ya sayar da amfanin gona ko ya ci bashi don biya masa kuɗin rajista.

Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, sannan ta sake yin na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Kwas ɗin shekara huɗu ya koma na shida ga ɗalibai da yawa, kuma da aka koma aji sai aka matse zangon karatu, lacca da gwaji da jarrabawa suka hau kan juna. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga farashin abinci da sufuri, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista. Asusun bayar da lamunin karatu na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, ya rage wa wasu raɗaɗi.

Ga ɗalibai mata akwai ƙarin matsalar cin zarafi daga wasu malamai, wadda rahoton binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fito da ita fili a watan Oktoban 2019. Akwai kuma bashin manhajojin bayar da rance, waɗanda wasunsu ke tura saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayar wanda ya kasa biya, da cacar wasanni ta intanet, da barazanar yaɗa hotunan sirri bayan rabuwar masoya. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne kunya, kuma kunya ce ke hana mutum buɗe baki.

Abin da abokin ɗaki zai iya yi

Wanda ya fi kowa damar ganin alamu shi ne abokin ɗaki ko ƙawar zama, tun kafin malami ko likita. Alamun da suka fi buƙatar a tashi tsaye sun haɗa da maganar mutuwa ko cewa gara a ce babu shi, da rubuta kalaman bankwana a Facebook ko WhatsApp, da rabar da kayan da yake ji da su, da neman yafiya ba tare da dalili ba, da janyewa daga kowa. Natsuwar da ta zo kwatsam bayan dogon ƙunci ita ma abar lura ce, domin wani lokaci alama ce ta cewa mutum ya riga ya yanke shawara. Wanda ya taɓa yin yunƙuri a baya shi ya fi kowa zama cikin haɗari.

Mutane da yawa na tsoron yin tambaya kai tsaye, suna ganin kamar za su cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Bincike ya nuna cewa tambayar ba ta ƙara haɗari, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ana iya cewa: "Aboki, kwanan nan na ga ba ka cikin walwala, kuma maganar da ka yi jiya ta tsaya mini a rai. Kana tunanin kashe kanka ne?" Daga nan sai saurare. Ba lokacin gardama ba ne, ba kuma lokacin tunatar da shi azabar lahira ko gorin cewa wasu sun fi shi shiga uku ba. Ya san duk wannan, kuma jin sa daga bakin aboki yakan ƙara masa ganin kansa a matsayin mai laifi, ya rufe bakinsa.

Idan ya amsa da e, kada a yi masa alkawarin riƙe sirri, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga ɗakin, a raka shi asibitin makaranta ko sashen ba da shawara, a sanar da wani babba da ya yarda da shi, ko mai kula da ɗakin kwana ko wani daga cikin danginsa. Idan ya riga ya sha wani abu, a garzaya da shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa tare da kwalbar ko fakitin abin da ya sha. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa yin amai, domin hakan na iya kai gubar cikin huhu. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Dalilin da ya sa waɗannan matakan ke aiki shi ne matsanancin halin da ke kai mutum ga yunƙuri sau da yawa gajere ne, na mintoci ko sa'o'i. Kimanin tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙurin kashe kai ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba. Amma makonni da watannin farko bayan sallama daga asibiti lokaci ne mai haɗari, don haka ziyara da kiran waya da tabbatar da cewa ya koma ganin likita suna da muhimmanci. Yawancin jami'o'i suna ba da damar ɗage zangon karatu saboda rashin lafiya idan an kawo rahoton likita, kuma ɗalibai da yawa ba su san da wannan ba sai bayan sakamakonsu ya lalace.

Matakan hukuma da na kafafen yaɗa labarai

A 2021 WHO ta fitar da jagorar rigakafin kashe kai wadda ta dogara kan matakai huɗu: taƙaita samun abubuwan da ake amfani da su, da gyara yadda ake ba da rahoto, da koya wa matasa dabarun jure matsin rayuwa, da gano masu haɗari da wuri tare da bibiyarsu. Na farkon shi ya fi ƙwaƙƙwarar hujja. Ƙasar Sri Lanka ta haramta wasu magungunan ƙwari masu tsananin guba, kuma tsakanin 1995 da 2015 yawan kashe kai a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, inda aka ƙiyasta an ceci rayuka kimanin 93,000. A Najeriya, bayan jerin rahotannin mutuwar matasa a 2019, ciki har da ɗalibai, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari na gona a shaguna da kasuwanni. Hukumomin makarantu na iya hana ajiye irinsa a ɗakunan kwana, muddin su da kansu za su ɗauki nauyin feshin kuɗin cizo da sauro, tunda abin da ke sa ɗalibai sayensa ke nan.

Game da rahoto kuwa, tun a 1974 masanin zamantakewa David Phillips ya nuna cewa yawan kashe kai kan ƙaru bayan an yayata labarin wani a shafin farko na jaridu. Shi ya sa ƙa'idar aikin jarida ta hana bayyana hanyar da aka bi, da wallafa wasiƙar bankwana ko hoton gawa, da taƙaita dalili a kan faɗuwa jarrabawa ko yaudarar masoyi. Wannan ƙa'ida ta hau kan ɗaliban da ke tura irin waɗannan hotuna a zaurukan WhatsApp na ajinsu, domin a cikin zauren akwai mai irin ciwon da yake karantawa bai ce komai ba.

Ina ake samun magani, me doka ta ce?

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa likitocin wannan fanni da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa kimanin kashi 8 cikin 100 kacal na masu ciwo mai tsanani ne suka samu magani a shekarar da ta gabaci binciken. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Aro da Yaba da Benin da Enugu da Kalaba da Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i suna da sashen kula da wannan fanni. Shirin SURPIN, wanda aka fara a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2017, da ƙungiyoyi irin su Mentally Aware Nigeria Initiative da She Writes Woman da Gidauniyar Asido suna ba da shawara da wayar da kai. Da yake likitocin ba za su taɓa wadatar da kowace makaranta nan kusa ba, hanyar da ta fi dacewa ita ce horar da likitoci da ma'aikatan jinya na asibitocin makarantu bisa tsarin mhGAP na WHO, wanda aka tsara domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne a fannin.

A watan Janairun 2023 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, ta kuma tanadi haƙƙin masu ciwo na samun kulawa ba tare da wariya ba. Sai dai ba ta taɓa sashe na 327 na kundin Kiriminal Kod da ake aiki da shi a Kudu ba, wanda ya tanadi ɗaurin shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, haka ma sashe na 231 na kundin Final Kod na Arewa, mai ɗaurin da ya kai shekara guda ko tara ko duka biyun. Illar wannan tanadi a bayyane take: abokan ɗalibin da ya yi yunƙuri kan yi jinkirin kai shi asibiti don gudun 'yan sanda, in sun kai shi kuma su ɓoye wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Jihar Legas ta gyara dokarta ta yadda kotu za ta ba da umarnin kai mutum asibiti maimakon gidan yari, majalisar dokokin Ghana kuma ta cire yunƙurin daga jerin laifuka a 2023. A cikin shekarar ce Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ƙaddamar da tsarin rigakafin kashe kai na ƙasa na 2023 zuwa 2030, sannan a 2024 ta kafa kwamitin da zai yi aikin soke laifin. Da yake kowace jiha da kundin dokokin laifukanta take aiki, gyaran da Majalisar Tarayya za ta yi ba zai wadatar shi kaɗai ba, sai majalisun dokokin jihohi su ma sun gyara nasu.